Baƙo, Raƙumin Dawa da Mai Gona: Darasi Daga Ƙauyen Kure



Sau da yawa mukan ji mahukunta suna cewa yawon buɗe ido shi ne zai fitar da ƙauyukanmu daga talauci, wai da zarar baƙi sun soma zuwa kallon duwatsunmu da namun dajinmu, to kakar mutanen karkara ta yanke saƙa. Mun ga ya kyautu mu auna wannan magana da labarin ƙauye guda, domin a ƙauye ne ake sanin abin da baƙo ya kawo da kuma abin da ya bari.

Ƙauyen da muka zaɓa shi ne Kure, a jihar Tilaberi ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar zuwa Doso. Galibin mutanensa Zabarmawa ne manoman gero da wake, tare da Fulani makiyaya. Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne raƙumin dawa. A farkon ƙarni na 20 irin wannan raƙumi na Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har Tafkin Cadi, har da dazuzzukan arewacin Nijeriya. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka yi ta cinye shi, har ya zamana a 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya, dukkansu kuwa a wannan yanki na Kure.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba. A wurare da yawa na Afirka, in za a keɓe gandun namun daji, sai a tashi ƙauyuka, a raba mutane da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. A Kure ba a yi haka ba. Da damina raƙuman suna kan tudu cikin geza da sabara da sarƙaƙiya, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Boso inda gawo yake da ganye. Tsakanin nan da can kuwa duk gonakin mutane ne.

To, a nan ne maganar dukiya ta shigo. Baƙon da ya zo daga Turai yana ganin dabba mai ban sha'awa, ya ɗauki hoto, ya koma masaukinsa a Yamai kafin faɗuwar rana. Manomi kuwa abin da yake gani shi ne dabbar da tsawonta kan wuce mita 5, wadda ba dangar da za ta tare ta, tana shiga gonar wake, tana cin mangwaro tun yana bisa, tana kai baki ga harawar da ya ɗora a kan itace don dabbobinsa. Doka ta hana shi kashe ta. Haka nan macen da ke neman itacen girki, da mai saran itace don kai wa Yamai, an ce musu su sassauta, gama dajin nan shi ne abincin raƙuman. Watau tun kafin ƙauye ya ga ko sisin baƙo, ya riga ya biya nasa kuɗin.

Masu kula da raƙuman sun gane cewa in ba a rage wa manomi wannan asara ba, ba dokar da za ta yi aiki. Saboda haka ƙungiyoyi suka shiga haƙa rijiyoyi, da ba mata ƙananan rance, da dashen itatuwa. Samarin ƙauye suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, ya zama baƙo ba ya shiga daji sai da ɗayansu, kuma sai ya biya. Wasunsu har sukan bambance raƙumi da raƙumi ta zanen jikinsa, kamar yadda Bafulatani yake sanin shanunsa. Da haka dabbobin suka yi ta ƙaruwa har suka haura 600, kuma a watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi 8 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. Lalle wannan nasara ce, kuma haƙurin talakawan Kure ne ginshiƙinta.

Sai ga ranar Lahadi, 9 ga Agusta, 2020. Da safiyar ranar wasu 'yan bindiga bisa babura suka tare wata mota da ta kawo masu kallon raƙuma, suka kashe mutum 8. Shida Faransawa ne ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, biyu kuma 'yan Nijar, watau direban motar da shugaban ƙungiyar 'yan jagoran Kure. Daga baya ƙungiyar IS ta ce ita ta aikata. Gwamnati ta rufe wurin, ta faɗaɗa dokar ta-ɓaci zuwa yankin, Faransa kuma ta gargaɗi 'yan ƙasarta da su guji ko'ina a Nijar in ban da Yamai.

'Yan'uwa, mu tsaya mu dubi wanda abin ya faɗa wa. Jaridun duniya sun yi ta maganar baƙin da suka mutu, kuma mutuwarsu abin baƙin ciki ce ƙwarai da gaske, gama mutane ne da suka zo taimako. Amma ƙauyen ya rasa ɗansa, ya kuma rasa sana'ar da aka yi shekaru fiye da 20 ana ginawa, duk a safiya guda. Ɗan jagora ba shi da wanda zai raka, mai sayar da abinci a bakin hanya ba shi da mai saye. Raƙumin dawa kuwa bai san an rufe kome ba, bai fasa shiga gonar wake ba. Dama tun farkon shekarar an hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tilaberi saboda tsaro, alhali kuwa babur shi ne motar asibitin talaka, shi ne kuma jakinsa na kasuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa ta ɗauke, aka bar mai gona da rana.

Kada mu ɗauka wannan labarin maƙwabta ne kurum. A jihar Adamawa akwai Sukur, bisa duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, na farko ke nan a Nijeriya. Mutane kan hau dutsen don ganin fadar Hidi da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau can suka ƙona gidaje. Sunan da Sukur ta yi a duniya bai tsare ko rumbu guda ba.

Daga wannan duka muna ganin darussa uku. Na farko, wanda ya ɗauki asara shi ya fi cancanta da riba. Kafin a buga hoton ƙauye a takardar talla, ya kamata a zauna da mai gari da manoma da mata, a yanke kason da zai shiga asusun gari daga kuɗin shiga, da yadda za a biya wanda dabba ta yi wa ɓarna, a kuma rubuta cewa gona tana nan hannun mai ita.

Na biyu, tsaro ba ya rabuwa gida biyu. Ana iya haɗa baƙo da motar soja ta raka shi ta komo da shi, amma in dare ya yi mutanen ƙauye su kaɗai suke kwana. Hanyar da manomi ba ya iya bi da buhun geronsa cikin kwanciyar hankali, ba za ta daɗe tana ɗaukar baƙo ba. Saboda haka duk gwamnatin da ke son masu yawon buɗe ido, sai ta fara da tsare ran mai masaukinsu da shanunsa da rumbunsa.

Na uku, kada ƙauye ya rataya cikinsa ga baƙon ƙetare kaɗai, domin sanarwa guda daga ofishin jakadanci ta isa ta tsayar da shi. Noma da kiwo su ne uwa, kuɗin baƙo ƙari ne. Sa'an nan a nemi baƙon gida. A nan laifin ya dawo kanmu. Mu nawa ne a ɗakin nan muka taɓa zuwa Yankari, wadda take buɗe ga jama'a tun 1962? Muna karanta labarin ƙasashen wasu a littafi, ba mu san abin da ke bayan garinmu ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su riƙa shirya ziyarar hutu zuwa wuraren da hanya take da lafiya, mu biya ɗan jagora haƙƙinsa ba tare da ciniki ba, mu ci abincin gari, mu nemi izini kafin mu ɗauki hoton kowa.

Shugaban taro, da yawa daga cikinmu 'ya'yan ƙauye ne, gero da waken iyayenmu aka sayar aka kawo mu nan. Nan gaba kaɗan wasunmu za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu a kan irin waɗannan shirye-shirye. In ranar ta zo, aka kawo mana takarda mai alkawarin baƙi da kuɗin waje, to mu tambaya tukuna: gonar wa za a bi, wa zai biya ɓarna, wa kuma zai kwana a garin bayan baƙi sun tafi? In ba a ba mu amsa ba, mu ajiye alƙalami.