Jawabi a Kan Ciwon Jijiyoyi na Gado



A ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke gogar gona, ƙarfin ƙafa da na hannu su ne jarin manomi. To, akwai wani ciwo da ke cin wannan jari sannu a hankali. Yaro ya tashi lafiya lau, sai a ga yana yawan tuntuɓe a kunya, takalmi yana suɓuce masa, ƙwaurinsa yana ramewa, yatsun ƙafa suna lanƙwashewa. Bayan shekaru, riƙon fartanya ma ya yi masa wuya.

Likitoci suna kiransa ciwon Charcot-Marie-Tooth, watau sunayen likitoci uku, biyu na Faransa, ɗaya na Ingila, waɗanda suka bayyana shi a shekarar 1886.

Ga asalinsa. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi suna da rufi, kamar wuƙa da kubenta. Umurnin gina su yana cikin ƙwayoyin gado da ɗa ke karɓa daga uwa da uba. In kuskure ya shiga umurnin, sai kuben ko jijiyar kanta ta lalace, saƙo ya riƙa isa da rauni. A shekarar 1991 masana suka gano kuskuren da ya fi yawa: wani yanki na kuromosom na 17, mai ɗauke da ƙwayar gado PMP22, shi ne ya ninku, ya zama uku maimakon biyu.

Gadon kuwa iri-iri ne. A wani iri, in mahaifi ɗaya yana da ciwon, kowane ɗa yana tsakanin samu da tsira, rabi da rabi. A wani irin kuma, iyaye biyu lafiyayyu ne, amma kowannensu yana ɗauke da kuskuren a ɓoye, sai kowace haihuwa ta zo da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Wannan ya fi aukuwa a auren zumunci. Saboda haka gidan da ciwon ya taɓa ɓulla, lalle ya nemi shawarar likita kafin a ɗaura aure tsakanin dangi.

Kada a ɗauke shi shan inna, wadda ke kamu farat ɗaya bayan zazzaɓi. Kada kuma a ɗauke shi kuturta, wadda ƙwayar cuta ke kawowa, ake kuwa warkar da ita a asibiti irin na Yadakunya. Wannan ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare. Babu dalilin ƙyamar mai shi.

Har yanzu ba a sami maganin da ke kawar da shi ba, amma akwai taimako. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin jijiyoyi. A Asibitin Ƙashi na Dala ana gyaran ƙafa. Mai ciwon ya lizimci motsa jiki da sa takalmi a gona, ya duba tafin ƙafarsa kowace maraice, domin ƙaya na iya sukarsa bai ji ba.

Yaro mai wannan ciwo hankalinsa garau yake. A sa shi makaranta, a koya masa sana'ar da ba ta bukatar doguwar tafiya.

Allah ya ƙara lafiya, amin.