Mil ko Kilomita: Ma'aunin da Mai Gudun Dogon Zango ke Atisaye da Shi



A Kantin Kwari har gobe da yadi ake auna shadda. Motar da za ta kai dilar Katsina kuwa sai ta ratsa Mil Tara kafin ta fita Kano, alhali allunan gefen titi da kilomita suke magana. Ma'aunin Ingila da na Faransa sun daɗe suna zaman kishiyoyi a gida ɗaya, kuma babu inda kishin nasu ya fi fitowa fili kamar a wajen mai gudun dogon zango, mutumin da kullum da asuba sai ya yanke shawarar nisan da zai yi da saurin da zai yi shi.

Shi kansa gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira yada ƙanin wani, ruwa biyu ne. A gasar Olamfik ta farko a Atina, a 1896, kimanin kilomita 40 aka yi. Da gasar ta zo Landan a 1908, sai aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, ta kama mil 26 da yadi 385. A 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da wannan nisa a matsayin doka. Da aka juya shi ya zama kilomita 42 da mita 195. Ta kowane ɓangare aka duba shi, sai an sami ɓurɓushi a ƙarshen lissafin.

Mil ɗaya mita 1,609.344 ne, kamar yadda ƙasashen da ke magana da Ingilishi suka daidaita a 1959. Da'irar filin tsere kuwa mita 400 ce. Wanda ya zagaya ta sau huɗu ya yi mita 1,600, saura mita tara da 'yan kai ya cika mil. Shi ya sa a filayen da ake tseren mil akan ga wani lanƙwasasshen farin layi a bayan layin ƙarshe, a nan 'yan tsere ke jeruwa. Tun 1976 hukumar duniya ta daina rubuta bajintar da aka yi da yadi ko mil, sai tseren mil ɗaya tak ta bari, saboda tarihinsa ya fi ƙarfin a share. Ran 6 ga Mayu 1954 ne Roger Bannister ya yi shi cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4 a Oxford, ya zama mutum na farko da ya sauko ƙasa da minti huɗu. A 1999 Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi shi cikin minti 3 da daƙiƙa 43.13 a birnin Rum.

Tarihi ke nan. A wajen atisaye kuwa, abin da ma'auni ke yi wa ɗan wasa ya fi zurfi, domin ɗan Adam yana son cikakken adadi, ƙafa kuma tana bin abin da ido ya so.

Arthur Lydiard, mai horarwa ɗan ƙasar New Zealand wanda ya rene Peter Snell, ya yi suna da sa yaransa gudun mil 100 a mako. Wannan kilomita 161 ne. Da a Faransa aka haife shi, da wuya ya zaɓi 161. Ko dai ya tsaya a 150, ko ya haura 200. Haka dogon gudun ƙarshen mako yake. Littattafan Amurka da yawa suna cewa kada mutum ya shiga fanfalaki sai ya taɓa yin mil 20. Takwarorinsu na nahiyar Turai suna cewa kilomita 30. Mil 20 ya haura kilomita 32, kilomita 30 kuma bai kai mil 19 ba. Tsakaninsu akwai fiye da kilomita biyu, kuma ba likita ne ya raba su ba, son sifiri ne a ƙarshen lamba. Har “bangon” da 'yan gudu ke cewa sun yi karo da shi, lokacin da sukarin da tsoka ta adana ya ƙare, ƙafa ta koma kamar an ɗaura mata turmi, Ba'amurke a mil na 20 yake jiransa, Bajamushe a kilomita na 30.

Sai batun sauri. Wanda ke son gama fanfalaki cikin awa huɗu, dole ya riƙa cin kilomita ɗaya cikin minti 5 da daƙiƙa 41, ko mil ɗaya cikin minti 9 da daƙiƙa 9. Gudu ɗaya ne, amma zuciya ba ta jin su iri ɗaya. Mai lissafi da kilomita zai wuce alama 42, yana samun damar gyara takunsa sau 42. Mai lissafi da mil alama 26 zai gani, kansa ya fi hutawa, amma idan ya yi wuta tun farko zai daɗe bai farga ba. Daƙiƙa ɗaya da aka yi sakaci da ita a kowane kilomita tana zama 42 a ƙarshe. A kowane mil kuma 26.

Ranar 12 ga Oktoba 2019, da Eliud Kipchoge ya yi fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, mota ce a gabansa tana haska koren layi a kan kwalta, an saita ta a kan minti 2 da daƙiƙa 50 kowane kilomita. Masu kallo a Amurka suka juya shi zuwa kusan minti 4 da daƙiƙa 34 a mil kafin abin ya ratsa su.

Haɗarin yana wajen gauraya. A ce matashi a Jos ko Damagaram ya sauke jadawalin atisaye daga intanet, wanda Ba'amurke ya tsara. An rubuta 6 ran Talata, 8 ran Alhamis, jimillar mako 40. Agogon hannunsa da kilomita yake ƙirga. Yana cika 6 sai ya tsaya, ya share gumi, ya yi hamdala, bai san saura kusan kilomita huɗu ba. A mako ya yi 40 a maimakon 64. Wata huɗu yana haka, ranar tsere sai jiki ya tona asiri. Wanda ya yi kuskuren ta ɗaya gefen kuma, ya ɗauki kilomita a matsayin mil, gwiwa da agara ne za su biya bashin. Ko injin gudu na ɗakin motsa jiki yana da wannan tarko: lamba 10 a injin da aka saita da mil gudun kilomita 16 ne a awa, wanda kan iya watso sabon shiga ƙasa.

To, da wanne za a yi? Mai horarwa ya duba abu uku: alamomin da ke kan hanyar tseren da ake shirya wa, filin da ake atisaye, da bakin da abokan gudu ke magana da shi. A Najeriya da Nijar duka ukun kilomita suke nunawa. Fanfalakin Legas da aka fara a 2016 da kilomita ake tallata shi, tseren Okpekpe na jihar Edo kilomita 10 ne, zagaye 25 a fili kuma mita 10,000 ne cif. Har manyan tseren Amurka ma duk kilomita biyar suke ɗaukar lokacin ɗan wasa. Amma wanda zai je Boston, inda ake yi tun 1897, gara ya san cewa shahararren hawan nan da ake kira Heartbreak Hill yana tsakanin mil na 20 da na 21, wato daga kilomita na 32 zuwa kusan na 34.

Idan jadawali ya zo da baƙon ma'auni, a zauna da biro a juya shi gaba ɗaya tun ranar farko, a ajiye na asalin. Mil biyar kilomita takwas ne, mil goma 16, mil 13 kuma 21. Akwai kuma hanya ta uku da 'yan Kenya ke bi a garin Iten: su fita rukuni guda a kan jar ƙasa, minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, agogo ne kawai alƙali.

Bayan alamar kilomita 42 saura mita 195. Bayan alamar mil 26 saura yadi 385, wato mita 352. A wannan ɗan taƙin ne Dorando Pietri na Italiya, wanda ya riga kowa shiga filin White City a 1908, ya faɗi sau biyar, ya shafe kusan minti goma, har jami'ai suka tallabe shi ya tsallaka layi. Aka soke nasararsa, aka ba Johnny Hayes na Amurka zinare. Washegari Sarauniya Alexandra ta miƙa wa Pietri kofi.