Kyan Ɗan Maciji: Furen Da Muka Shuka Da Hannunmu

Yau da laifin kaina zan fara.

Shekara biyu da suka wuce, ni da abokaina muka yi aikin gayya na ƙawata bakin titin unguwarmu a Kaduna. Mai sayar da furanni ya ba mu wata shuka mai yaɗo a ƙasa, ganyenta kore shar, furenta rawaya ƙanana. Kun san ta, tana nan a harabar otal-otal da gidajen masu hali. Sunanta wedeliya, masana kuma suna ce mata Sphagneticola trilobata.

Da ta yi yawa sai muka datse, muka watsar da rassan a bakin rafi. Bayan damina ɗaya, wani dattijo mai lambu a wurin ya tare ni, ya ce, "Ɗana, zo ka ga aikinku." Wallahi kunya ta kama ni. Ta shimfiɗe kamar tabarma, ta shiga fangalin alayyahonsa ta danne.

To me ya faru? Wannan shuka ba ta dogara da iri ba. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima, saiwa take yi. Ashe da muka zubar da rassan nan, dashe muka yi ba mu sani ba.

Asalinta daga Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran Karebiyan. A Ostireliya furen Singafo suke ce mata, alhali ba can ne gidanta ba. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa ta cikin halittu 100 mafi muni wajen mamaye inda aka kai su. A jihar Kwinsland kuwa, dokar 2014 ta hana sayar da ita, ko kyautar da ita, ko yar da ita a fili.

Ni ban ce kowa ya je ya tumɓuke ta gidansa yau ba. Amma in ka datse, shanya rassan a kan siminti su bushe ƙarau kafin ka zubar. Kada ka jefa a kwata ko bakin fadama. Mu kuma masu gangamin shuke-shuke, mu riƙa tambaya kafin mu dasa: daga ina take, kuma yaya take yaɗuwa?

Asabar uku muka yi muna cira a lambun Baba, har yanzu tana tohowa. Asabar mai zuwa ma muna can, mai fartanya ya zo da abarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.