Naɗar Waƙa a Ɗakin Gida: Ɗaki, Murya da Kunne

Tarihin naɗar waƙar Hausa ya faro ne daga gidajen rediyo da kamfanonin faifai, inda aka adana muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, kuma a wancan zamani makaɗi shi ke tafiya da jama'arsa zuwa inda na'ura take. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Kano suka bunƙasa, fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa da yawa a sutudiyo, sannan kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka sauko da aikin har cikin ɗakin kwana. A yau matashin da ke zaune a Idu ko Karmo a Abuja yana iya mallakar kayan da suka fi na wancan zamani tsabtar sauti, amma sau da yawa abin da yake fitarwa ba ya kama ƙafar tsofaffin faya-fayan wajen fitar kalma, kuma dalilin hakan ya cancanci a tsaya a kansa.

Ɗakin shi ne matsala ta farko. Yawancin ɗakunan haya a wannan yanki na bulo ne da siminti, ƙasa tayil, sama kwano, kuma duk waɗannan suna mayar da sauti maimakon su shanye shi, ta yadda makirufo zai ɗauki murya tare da amsa-kuwwarta, abin da babu manhajar da ke cire shi sarai bayan an naɗa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tsinana abin kirki, domin ba shi da kaurin da zai tare sauti mai zurfi. Katifa da aka jingina a bayan mawaƙi, da bargo mai nauyi, da darduma a ƙasa, sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Idu kuwa unguwar masana'antu ce, ga manyan motoci, ga tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, saboda haka zaɓen lokacin da gari ya yi tsit wani ɓangare ne na sana'ar. Haka nan wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan waya ta lalace ko janareta na kusa, wannan gunjin yakan shiga cikin naɗi. Aiki da batirin kwamfuta ko inbata yana rage shi ƙwarai.

Game da makirufo, iri biyu ne suka fi yawa: kwandensa, mai kaifin ji wanda ke kwaso har kukan fanka da hirar maƙwabta, da dainamik, wanda ya fi mayar da hankali ga abin da ke gabansa. A ɗakin da ba a gyara ba, na biyun ya fi dacewa, ko da yake 'yan kasuwa sun fi tallata na farkon. Tazarar taƙi guda tsakanin baki da makirufo, da ɗan raga a tsakani don tare iskar baƙaƙe irin su b da f, ta wadatar. Ƙarfin shigar sauti kuma a bar shi yana kaiwa wajen desibel 10 ƙasa da sifili, wato ƙasa da iyakar da na'ura ke iya ɗauka, domin muryar da ta fashe a wajen naɗi ta fashe ke nan.

Babban abin damuwa, wanda darussan intanet da aka shirya domin waƙar Turai ba sa taɓowa, shi ne harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa suna bambanta ma'ana, haka ma tsawon wasali, ga kuma baƙaƙe irin su ƙ da ɗ da ɓ da ts waɗanda armashinsu ke cikin ɗan bugun da suke yi a farkon furuci. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, tana jan murya zuwa sautin fiyano mafi kusa, kuma idan aka saita ta da sauri sosai takan goge lanƙwasar da mawaƙi ke yi tsakanin sauti da sauti, inda ma'ana da daɗin rerawa suke ɓoye. Matse sauti fiye da kima, wato rage tazarar da ke tsakanin ƙarfi da taushinsa, shi kuma yana danne bugun waɗannan baƙaƙe har baiti ya koma gunaguni. Mai sauraron Hausa kalma yake bi kafin kiɗa, shi ya sa har gobe ake haddace waƙoƙin Shata da na Aminu Ala, kuma duk miksin, wato haɗa murya da kiɗa, da ya binne murya ƙarƙashin ganga ya saɓa wa wannan al'ada. Kalangu da kukuma da kuntigi ma suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, don haka gayyato makaɗi na gaske a naɗe shi ya fi kwaikwayonsa da aka ajiye a cikin kwamfuta, kuma yana sa sana'ar waɗannan bayin Allah ta ci gaba da ciyar da su.

Gwajin ƙarshe na miksin a yi shi a inda jama'a ke sauraro: lasifikar wayar hannu, rediyon mota, da ƙaramar lasifikar mai shayi, domin wayar hannu ba ta fitar da sauti mai zurfi, kuma waƙar da ta dogara da shi kaɗai takan zama fayau a can. Kafin a ɗora waƙa a Audiomack ko YouTube, ya wajaba mawaƙi da mai kiɗa da 'yan amshi su rubuta yarjejeniyar rabon haƙƙi, tun da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ɗauki waƙar da aka tsara da kuma naɗinta a matsayin dukiya biyu daban, kowace da mai ita.