Jawabi a kan ruwan gulbi da kifin tafkin Madarumfa

Iyayenmu dattawa, sarkin ruwa, da ƴan'uwa da suka zo daga Yamai da Damagaram da Tawa, muna gaishe ku.

Maganarmu ta yau ita ce kifi. Duk wanda ya girma a nan ya san karfasa da tarwaɗa sun ragu, ruwa kuma ya yi laka.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, can ana ce masa Gada. Ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya shiga gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, kuma a lokacin ne kifi ke bin ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In an tare ruwa a madatsar Jibiya bai zo kan kari ba, haihuwar kifi ta wannan shekara ta samu cikas.

Saboda irin wannan ne Nijar da Nijeriya suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, mazauninta Yamai. A 1990 suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri game da rabon ruwan da suka yi tarayya a kai: gulbinmu, da Maggiya, da Tagwai, da Komadugu Yobe. A 2019 kuma tafkinmu ya shiga jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye.

Amma takarda ba ta cika koma. A cikin gida ma aikin rabe yake. Ma'aikatar ruwa ke auna ruwa. Ƴan gandun daji ke ba da izinin su, su ke zuba ƴaƴan kifi. Malaman gona ke kula da taki da maganin ƙwari na lambuna. In wannan ya zuba kifi, wancan bai hana maganin feshi gangarowa ba, an yi aikin banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ƙungiya za ta rubuta wa magajin gari, ta roƙi a tara ma'aikatun nan uku wuri guda tare da sarkin ruwa kafin damina, a kuma kai kukanmu na sakin ruwan Jibiya gaban hukumar haɗin gwiwa.

Mu ma da namu rabon. Mu daina su da gidan sauro, domin yana kwashe ƴaƴan kifi. Mu bar wanke tankin feshi a bakin ruwa. Mu dasa itace a gaɓa don rairayi ya daina cike tafki. Ku kuma na birni, ku kuka san ƙofofin ofis, ku bi mana takardar har ta samu amsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.