Daɓen Katako

Yau za mu yi magana a kan daɓen ɗaki. Waɗansu daga cikinku, a Talata Mafara da Bakura da Maradun, sun ga gidaje a birni waɗanda aka shimfiɗa wa katako a ƙasa, suna so su yi irinsa. Abu ne mai kyau. Ba ya ƙura, ba ya sanyi da hunturu. Amma yana da tsada, yana kuma da abokan gaba uku: laima, da gara, da wuta. Wanda bai san su ba, kuɗinsa zai zuba a rijiya.

Mu fara da itacen. Ba kowane itace ya ke yin daɓe ba. Sai mai tauri, kamar maɗaci, da kawo, da kirya. Kirya ita ce wadda gara ba ta cika damunta ba. Madobiya ma tana da kyau, amma an sare ta ƙwarai ana kai wa ƙasar Sin. Saboda haka a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fita da su waje sai da takardar izini. Ku lura, maɗacin da aka sare cikin yini ɗaya ya yi shekaru da yawa kafin ya girma. Kowa ya sare ɗaya, ya dasa biyu.

Na biyu, katako ya bushe sarai. Itace yana shan laimar iska da damina ya kumbura, da hunturu kuwa ya motse. In kafinta ya buga ɗanyen katako, kafin hunturu ya wuce za ku ga tsaga tsakanin wannan da wancan. Nan ƙuma da kuɗin cizo su ke samun gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a bar shi watanni da dama. Sa'an nan a shigo da shi ɗakin da za a yi aikin, ya yi mako biyu kafin a buga.

Na uku, ƙasan ɗakin. Ba a ɗora katako a kan turɓaya. Sai an yi daɓen siminti tukuna, an bar shi ya bushe wata guda ko fiye. Wannan magana ta fi shafar ku da ke kusa da fadama, ko kusa da hanyoyin ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978. Ƙasar da ke shan ruwa rani da damina tana riƙe laima. Ga hanyar gwadawa. Ku shimfiɗa leda a kan simintin, ku danne gefunanta, ku bar ta kwana ɗaya. In kun ɗaga kun ga gumi a ƙarƙashinta, ɗakin bai bushe ba. Ku dakata.

In ya bushe, sai a shimfiɗa leda mai kauri ko'ina. A kanta a jera ginshiƙai kwance, watau katako mai inci 2 a kan inci 3, tsakaninsu inci 16. Kowanne a shafe shi da maganin gara wanda a ke sayarwa wurin masu kayan gini. Kada a shafa baƙin man mota, gama a ɗakin nan yara za su kwana.

Yanzu sai allunan sama. Kowane allo yana da harshe a gefe ɗaya, da tsagi a ɗaya gefen. Harshen wannan ya shiga tsagin wancan, a buga ƙusa a kan kowane ginshiƙi. Kada allo ya taɓa bango. A bar rabin inci a kowane gefe, don in katako ya kumbura da damina ya sami wuri. In ba a bari ba, sai tsakiyar ɗaki ta yi doro. Daga nan a goge da samfefa, a shafa man da kafintoci ke shafa wa kujeru.

Bari mu yi lissafi. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12, faɗi ƙafa 10. Allo mai faɗin inci 4, uku ke cika ƙafa ɗaya. Uku sau goma, 30 ke nan, kowanne tsawon ƙafa 12. A ƙara 3 saboda ɓarna, sun zama 33. Ginshiƙai kuwa 10. Ku rubuta wannan, ku tambayi kuɗin kowanne a kasuwa, ku haɗa da na siminti da ƙusa da ladan kafinta. Wanda ya iya lissafi ba a cutarsa.

Bayan an gama, sauran tsaro. Kada a ajiye kaskon wuta ko na turare a kan katako. Kada a kafa randa, kada a yi alwala a kansa. A share da tsintsiya, a goge da tsumma wanda aka matse. Ku riƙa duba gindin bango, in kun ga hanyar gara ku rushe, ku sa magani nan da nan.

To, wanda ya yi lissafi ya ga abin ya fi ƙarfinsa fa? Babu abin kunya. Muna da daɓenmu na gado. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su buga da madaɓi, a bi da ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa. Daɓen da ya sha makuba yana da tauri, yana shekaru, ba ya kuma cin wuta. Gara daɓen ƙasa mai kyau da na katako wanda aka yi da gaggawa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ranar karatu mai zuwa, kowa ya auno tsawon ɗakinsa da faɗinsa, ya rubuto. Za mu yi lissafin tare. Allah ya ba mu alheri.