Ruwa Yana Cin Dutse

Hirarmu ta yau a kan ruwa ce da dutse.

Ku dubi manyan duwatsun da ke Birnin Zinder. Sumul suke, kamar an goge su. Aikin rana ne da ruwan sama. Da rana dutse ya yi zafi, da dare ya huce, har ya tsage. Ruwa ya shiga tsagar. Ruwan nan yana da ɗan tsami da ya ɗauko daga iska da ƙasa. Tsamin ne ke cin dutse. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

In dutse ya ruɓe, wani sashe ya zama yashi, wani ya zama yumɓu. Sauran ya narke cikin ruwa, kamar sukari cikin shayi. Ido ba ya ganinsa, harshe ke jinsa. Shi ya sa ruwan wata rijiya ke da daɗi, na wata kuwa zartsi.

Daga tudu ruwa yakan gangara kwari, kamar kwarin Korama da tafkin Gidimuni. In bai sami mafita ba, sai rana ta shanye shi. Abin da ya narke ya rage a ƙasa fari fat. Ita ce kanwa. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, fatake ke kai kanwar Muniyo da Mangari kasuwar Kano.

Amma ba duk abin da dutse ke ba ruwa ne alheri ba. A Tibiri ta jahar Maraɗi, tsakanin 1985 da 2000, jama'a sun sha ruwan wata rijiya mai zurfi. Ruwan garau yake, amma yana ɗauke da wani sinadari mai suna fuluwor fiye da kima. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafun wasu suka lanƙwashe.

Don haka, in an haƙa muku sabuwar rijiya, ku nemi ma'aikatan ruwa su auna ruwan kafin ku sha. In haƙoran yaran gari suna yin ja, ku je gidan likita. Mai garka kuma, in ka ga ƙasa tana fari bayan ban ruwa, ka nemi malamin gona tun kanwa ba ta kashe shuka ba.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.